Hannun da Aka Cire Daga Soro

Ranar da Abbas Bature ya zo gaida Malam Ummaru Magini, da akwati ya shigo lungun, an lulluɓe shi da farin yadi. Duk wanda ya gan shi a Ƙofar Marusa ya ɗauka turare ne da goro, irin abin da mai neman aure ke kai wa surukai.

Muhsina tana laɓe a bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida. Shekararta talatin da ɗaya. Mijinta na fari ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ta dawo gaban iyayenta tana koyarwa a firamare. Ba yarinya ba ce da za a ce ba ta san abin da take so ba. Ta sani sarai, ga shi can ya tanƙwashe dogayen ƙafafunsa a kan tabarmar mahaifinta.

Abbas Bafaranshe ne, Antuwan uwarsa ta raɗa masa. A Faris ya koyi zanen gini, ya yi shekaru yana zana otal-otal na gilashi har abin ya gundure shi. Wani sarki a Maroko ya ɗauke shi gyaran tsohuwar fada. Daga can ya gangaro Nijar, ya yi shekara goma sha biyu yana yi wa sarakuna gyaran ginin ƙasa. A can ya musulunta, a can ya koyi Hausa irin ta mutanen Maraɗi. Bara ne Hakimi ya aika aka zo da shi, saboda bakan da ke ɗauke da rufin babban soron gidan sarautarsu na cikin birni ya tsage.

Soron nan kuwa Babaji Magini ne ya gina shi, mahaifin Malam Ummaru, shekara tamanin ke nan. Da za a gyara, ba a ko aiko an ce wa Malam Ummaru ga abin da ake ciki ba. Ya haɗiye bai ce wa kowa komai ba. Wata shida Muhsina da uwarta Hure suna lallaɓa shi kafin ya yarda Baturen ya taka masa zaure.

An yi gaisuwa, an tambayi gajiya da aiki da mutanen Faransa. Sai Abbas ya jawo akwatin ya yaye yadin, yana murmushi.

Akwatin gilashi ne. A ciki an shimfiɗa jan ƙyalle, a kai an ɗora wani ɓangaren tsohon yaɓe mai faɗin faranti. A tsakiyarsa ga shatin tafin hannun mutum, ƙaramin yatsan guntu. Babaji Magini ya rasa kan ƙaramin yatsansa tun yana saurayi, duk unguwa an san wannan.

Abbas ya shiga bayani. A can ƙololuwar bakan ya tarar da shi. Kwana uku ya yi yana yanka kewayensa da 'yar wuƙa don kada ya tsage. Daga Kano ya sa aka yi masa akwatin.

Abin da bai sani ba, ga shi kuwa ya yi karatu har ya gaji, a gidan su Malam Ummaru idan magini ya gama baka yakan hau ya danna tafinsa a ɗanyen yaɓe. Ba ado ba ne. Alkawari ne cewa idan ginin ya faɗa wa wani, mai wannan hannun za a tambaya, in ya mutu a tambayi 'ya'yansa. Muddin hannun yana can sama, ginin amanar gidansu ne. Ba a cire shi sai an sallami zuri'ar baki ɗaya.

Malam Ummaru ya daɗe yana kallon akwatin.

"Ka san abin da ka kawo mani?"

"Hannun mahaifinka ne, Baba. Na ce kada ya lalace."

"Hakimi ya tsallake ni ya kawo baƙo, ban ce komai ba, mai rai ne ya kori mai rai. Kai kau ka hau tsani ka kori matacce, ka sako shi a gilashi ka kawo mani in yi godiya."

Murmushin Abbas ya ɓace. Ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Ɗiyata ba yarinya ba ce, ba zan yi mata dole ba. Amma ba da bakina za a ba ka ita ba. Tashi ka ba ni wuri."

Abbas ya fita, takalminsa ma a hannu ya riƙe har waje. Akwatin ya bari a inda yake. Malam Ummaru ya ce kada wanda ya taɓa shi. Hure ce ta zo daga baya ta mayar da yadin ta rufe.

A bayan ƙyaure Muhsina ta durƙushe, ta cusa bakin hijabinta a baki don kada a ji kukanta.

Labarin bai kai la'asar ba sai da ya kai kunnen Lado.

Lado ɗan yayan Malam Ummaru ne. Shekara tara ya yi a hannunsa yana koyon gini, sannan ya watsar da ƙasa ya koma bulo da siminti, ya zama ɗan kwangila mai mota. Tun kafin aurenta na fari yake son Muhsina, tun da ta fita takaba kuma bai fasa zuwa ba. Ranar ya zo da ledar lemo da ayaba, ya leƙa ƙarƙashin yadin, ya yi salati da ƙarfi yadda tsohon zai ji daga ɗaki.

Ya tarar da ita tana tsintar shinkafa a gindin darbejiya. Ya ja kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ƙanwata, na ga kayan gaisuwa. Ke ma haka zai yi maki. Ya sa ki a gilashi, ya kai Faransa, a riƙa biya ana kallo."

Ba ta ɗago ba.

Ya ce ai ba zuga ya zo yi ba, gaskiya ya zo faɗa mata. Ya fito daga wajen Wakilin Hakimi. Damina ta ƙarato, soro a buɗe, Bature yana ta jiƙa ƙasa kamar mai shirin shuka. An riga an yanke: idan ruwan farko ya sauka ba a rufe ba, shi Lado za a ba aikin, ya zuba rodi da kankare a huta. Takardar zaman Bature kuwa da aikin take tafe. Ranar da aiki ya ƙare, ranar zai haɗa jakarsa.

Da zai tashi ya ƙara da cewa Baffa, wato mahaifinsa, zai zo ranar Juma'a bayan masallaci ya nema masa aurenta a wajen ƙaninsa. A yadda ran tsohon yake yanzu, bai ga abin da zai sa ya ce a'a ba.

Kwana uku gidan ya yi kamar an yi rasuwa. Malam Ummaru ya daina zama a zaure. In zai fita sai ya kawar da kai daga ɓangaren akwatin. Tuwo yakan dawo yadda aka kai shi. Abbas ya kira wayar Muhsina sau goma sha ɗaya, ba ta ɗauka ba, don ba ta san me za ta ce masa ba.

Ranar Laraba Hure ta same ta a madafi.

"Ke dai ki dubi ubanki. Shekara saba'in da uku, kin ga yadda ya koma a kwana uku? Lado ɗan gida ne. Ya san tuwonmu, ya san maƙabartarmu. Wancan ko uwar da za ki durƙusa ki gaida ba ya da ita a ƙasar nan."

"Inna, bai sani ba ne. Girmamawa ya yi nufi."

"Na san bai sani ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Yau hannun kakanki bai sani ba. Gobe mene ne?"

Muhsina ta fashe da kuka. Ta ce ta yi aure sau ɗaya don an ce ta yi, ta zauna lafiya har Allah ya karɓi ran mai gidan, ba wanda ya ji kanta. Yanzu da ta samu mutumin da in tana magana yake yin shiru ya saurara, sai a ce ta haƙura? Ta ce Lado bai taɓa tambayarta ko aji nawa take koyarwa ba. Hure ita ma ta share hawaye, ta ce duk ta ji, amma aure ba a yinsa a kan fushin uba, ita dai ba za ta tsaya a ɗaura irin wannan ba.

Tana maganar tana aiki. Gefen murhu ne ya ɓalle, ta tattara ɓaraguzan ta zuba a tsohuwar ƙwarya, ta daddaka da taɓarya ta yayyafa ruwa.

Muhsina ta tsaya da kukan. Ta zuba wa ƙwaryar ido.

Tun tana 'yar ƙarama take ganin haka. Mahaifinta bai taɓa zubar da tsohuwar ƙasa ba. In katanga ta faɗi, sai ya sa a farfasa, a jiƙa, a cuɗa da sabuwa a mayar. Yakan ce wanda ya fara taka ƙasar ya riga ya yi rabin aikin, rashin kunya ne a kwashe guminsa a kai bola.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Ummaru ya tafi ta'aziyya Batagarawa. Muhsina ta jira har ƙarar motar da ta ɗauke shi ta ɓace. Ta shiga zaure, ta yi bisimilla, ta ɗauki akwatin da aka ce kada a taɓa. Ta tari keke napep ta ce gidan Hakimi.

Soron yana nan a tokare da itatuwa, sabuwar azara jere a sama, leburori suna miƙa tubali. Abbas yana ganinta a bakin ƙofa ya sauko. Ya rame, gemu ya fito masa ba tsari. Ya fara ba da haƙuri, ya ce ya yi tunani, akwai wani gam da ake amfani da shi a Turai, zai manna hannun a inda ya ciro shi, ba mai ganewa.

Ta ce Baba zai gane tun daga ƙasa. Busasshen yaɓe ba ya kama ɗanye, damina biyu zai faɗo, wannan karon a kan wani.

"To me zan yi, Muhsina?"

"Ka farfasa shi, Malam Abbas. Ka daka shi ya zama gari, ka zuba a ƙasar da za ka yaɓe bakan da ita."

Ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi. Ya ce ko ta san abin da take faɗa? Shekara ashirin da biyar yana wannan aiki, fada huɗu ya gyara, bai taɓa fasa ko guntun abin tarihi da gangan ba. Sunansa a kan haka ya tsaya. Wani gidan adana kayan tarihi a Faransa ya riga ya rubuto yana roƙon aron hannun, za a nuna shi tare da hotunan duk aikin da ya yi a rayuwarsa. In aka ji ya sa guduma a kai, ba wanda zai sake ba shi amanar tsohon gini.

"Babu wani irinsa a duniya," in ji shi.

"Kai hannu kake gani. Baba kau ubanshi yake gani an fitar da shi daga ginin da ya yi. Ka mayar da shi ciki."

"In na fasa kuma ya ƙara fushi?"

"Zai iya. Ban ce maka na tabbata ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta gaya masa zancen Baffa da Juma'a. Ta ce ba za ta yi auren da mahaifinta bai sa baki ba, ko da za ta mutu da son a ranta. Kuma ba ta da ƙarfin da za ta ci gaba da ce wa gida guda a'a har abada.

Ta ajiye akwatin a kan tarin tubali. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ta juya ta tafi.

Malam Ummaru ya dawo da yamma a gajiye, ya wuce zaure da kai a kawar kamar kullum. Bai lura ba.

Juma'a da safe, wajen ƙarfe tara, Lado ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba.

"Baba, taso ka gani. Bature ya sa guduma ya ragargaza hannun Kaka. Da idona na ga gilashin a zube. Kuma ka tambayi wadda ta kai mashi."

Tsohon ya leƙa zaure. Yadin ne kawai a ninke a kan tabarma. Ya kira Muhsina sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Ke kika ɗauka?"

"Ni ce, Baba."

Bai ƙara kallonta ba. Ya ɗauki sandarsa ta gora, ya zura takalmi. Hure ta riƙe masa hannun riga tana roƙonsa ya dubi girman Allah da girman ranar, ya fizge. Lado ya buɗe masa mota. Muhsina ta zari hijabi ta bi su a keke, tana ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ledoji a titi.

Da suka isa, leburori suka dare.

Abbas yana cikin ramin kwaɓa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana taka ƙasa shi kaɗai. Fuskarsa ta yi ja. A gefe ga tarin fasasshen gilashi an share wuri guda, ga jan ƙyallen, ga turmi da sauran farin gari a gindinsa. Yana ganin tsohon da sanda ya tsaya cak. Bai fito ba, bai kuma kare kansa ba.

Malam Ummaru ya tsaya a bakin ramin. Ya dubi turmin, ya dubi ƙasar. Muhsina ta jingina da bangon ƙofa.

"Duka ka zuba?"

"Duka, Baba."

"Ba ka ɓoye ko yatsa ɗaya a aljihu don mutanen Faransa ba?"

"Hoto kawai ya rage mani. Na rubuta masu na ce babu."

"Wa ya ce ka yi haka?"

Abbas ya sunkuyar da kai, ya ƙi faɗin sunan kowa. Tsohon ya maimaita tambayar, Abbas ya sake ƙi. Sai Malam Ummaru ya waiga a hankali ya dubi 'yarsa a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallonta.

Lado ya matso. Ya ce Baba ya ga dai da idonsa, an cire an kuma fasa, me ake jira? A kira Wakili yanzu a sallami mutumin nan.

"Shekara tara ka yi a hannuna, Lado. Sau nawa ka ga na zubar da tsohuwar ƙasa?"



Tsohon ya duƙa da ƙyar, ya damƙo ƙasar, ya murza a yatsu, ya kai hanci. Ya ce ruwa ya yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan. Ya tambayi Abbas ko haka ake taka ƙasa a Faransa, da yatsun ƙafa kamar mai tsoron kunama? Da diddige ake yi. Ya miƙa wa wani lebura sandar, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ramin.

Ƙarar ƙafa huɗu a cikin laka kawai ake ji, da rugugin hadari daga nesa.

Da ƙasar ta yi yadda yake so, ya sa aka ɗiba a kwano aka hau da ita. Abbas ya yaɓe ƙololuwar bakan, tsohon yana ƙasa yana yi masa faɗa a kan kowane shafi. Da aka gama ya ce a riƙe masa tsani. Abbas ya ce Baba tsanin da tsawo. Tsohon ya ce tun kafin a haifi Abbas yake hawan tsani.

Ya hau, taki ɗaya ya huta, taki ɗaya ya huta, har ya kai kan katakon da aka gitta. Ya yi bisimilla, ya buɗe tafinsa na dama, ya danna a ɗanyen yaɓen. Ya jima bai cire ba. Leɓɓansa suna motsi, kafaɗunsa suna girgiza.

Sannan ya leƙo ƙasa.

"Kai. Hawo."

Leburorin suka dubi juna. Duk 'yan birni ne, sun san ba a taɓa ganin hannun bare a ginin gidan Babaji ba. Abbas ya tsaya riƙe da tsani, ya waiga wajen Muhsina. Ta rufe bakinta da hannu biyu.

"Ba ita ta kira ka ba, ni na kira ka. Ƙasa da nawa za ka sa, ba kusa da shi ba. In soron nan ya faɗa wa wani, mu biyu za a tambaya."

Abbas ya hau. Tsohon ya kama wuyan hannunsa ya danna masa da kansa.

Da suka sauko Lado ya riga ya kai bakin mota. Malam Ummaru ya kira shi. Ya ce ya gaya wa Yaya kada ya wahalar da ƙafarsa bayan masallaci, shi zai je ya same shi, akwai maganar da ƙani ya kamata ya kai wa wansa da kansa. Lado ya shiga motarsa. Ya buga ƙofar mota ya ja.

Tsohon ya karɓi sandarsa ya juyo wajen 'yarsa.

"Ke kuma wuce gida. Sata kika yi mani a zaure, ban yafe ba tukuna. Ki ce wa uwarki ta dama fura, yunwa nake ji."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daka wa leburori tsawa a kawo makuba a shafe saman ginin kada ruwa ya shiga, rufin bai ƙare ba, su kuma sun tsaya kallon mutane.

Muhsina ta fito titi tana kuka tana dariya, har mai keke ya tambaye ta ko lafiya. Kafin ta ba shi amsa, ɗigon farko ya sauka a bayan hannunta. Ta waiga. A can bakin soron ta hango su su biyu, fari da baƙi, laka har gwiwa, tsohon yana nuni da sanda, Baturen yana gudu da kwano.